Giyar Dutse Don Yayana

Ni na kawo kwalbar gida da hannuna, ni kuma na ɓata komai da bakina. Gara in faɗi haka tun farko, don na daɗe ina ɗora wa wasu laifin.

A lokacin ina aikin girki a wani gidan baƙi da ke GRA, inda ma'aikatan agaji na ƙasashen waje suke sauka. Su zo, su yi wata shida ko shekara, rana ta ƙona musu wuya, su tafi, wasu su maye gurbinsu. Duk mai tafiya sai ya bar mana tarkace: rabin man shafawa, takalmin da ba ya shiga ƙafar kowa, littattafan da ba mai karantawa. Wata nas 'yar Italiya, doguwa mai surutu, ita ta bar mini kwalbar. Ta ce giyar garinsu ce, ta ɓoyo ta a cikin kaya don ta sha ranar da ta gama aiki lafiya, ga ranar ta zo amma ba ta jin sha. Ta zaunar da ni a kicin ta nuna mini hoton da ke jikin kwalbar. Tsaunuka ne bi da bi, an shuka inabi a jikinsu layi-layi tun daga gindi har sama. Ta ce gonar kakanta tana kan irin gangaren da mota ba ta hawa, da hannu ake noma, da hannu ake tsinka, a sauko da shi a kwando. Farar giya ce mai zaƙi da ƙamshi, in ji ta, ba ta da ƙarfi, a wurinsu har tsofaffin mata suna kurɓa bayan abinci.

Ni ba na shan giya. A cocinmu abin kunya ne, kuma ko ba coci ba ta taɓa ba ni sha'awa ba. Na karɓa don kada in gwale ta. Kwalbar ce ma ta yi mini kyau, na ce in na zubar da abin da ke ciki zan riƙa zuba man gyaɗa.

Mu mutanen dutse ne, daga bayan Gwoza. A lokacin shekararmu takwas da gudowa Maiduguri, muna hayar ɗaki biyu a bayan gidan wani Alhaji Babarbare mai fataucin shanu. Mu uku ne: ni, da Babanmu, da matar yayana. Mahaifiyarmu ta rasu tun ana zaman lafiya, Allah ya hutar da ita ganin abin da muka gani.

Ranar da mutanen daji suka taso wa ƙauyenmu, mun riga mun sauko daga dutse, mun kai bakin hanya, sai na tuna takardun makarantata suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Na zauna a ƙasa na dinga kuka, ƙatuwa da ni, mai shekara ashirin da biyar. Yayana ya ce in yi shiru, zai koma ya ɗauko, dama yana so ya kwance awaki kada su mutu a ɗaure. Ya ce mu yi gaba, zai tarar da mu. Ya juya ya hau. Daga nan ba mu sake ganinsa ba, ba gawa, ba labari. Watansa tara da aure, matarsa ko ciki ba ta da shi.

A al'adarmu, in namiji ya mutu ba a gama da shi ba sai an zuba masa giya. Uba ko babban ɗa ne zai ajiye dutse, ya kira sunan mamacin, ya zuba giya a kan dutsen, 'yan gida su kurɓi saura. In ba a ga gawa ba, dutsen ya wadatar. Tsofaffi suna cewa kafin a yi haka mamaci yana nan tsaye a bakin ƙofa da ƙishirwa, bai shiga wurin kakanni ba, matarsa kuma tana nan a matarsa. Babanmu sai da ya yi furfura aka yi masa baftisma. Yana zuwa coci, yana rera waƙa da ƙarfi ba tare da ya bi kowa ba, amma wannan abu bai taɓa fita daga ransa ba, kuma fasto ya san haka ya kau da kai.

Sai dai akwai sharaɗi. Giyar da za a zuba wa mutumin dutse sai ta abin da aka noma a kan dutse. Dawar fili ba ta yi. Burkutun da ake sayarwa a ɓoye a wasu lungunan gari kuwa, Baba ya ce ruwan wanke-wanke ne, kakanni ba su san shi ba. Dutsenmu kuma ba mai hawa sai wanda ya gaji da duniya. Don haka magana ta tsaya cak, ni kuwa haka nake so. Duk shekara in kaka ta yi Baba ya tayar da zancen, sai in ce, "To Baba, ina dawar dutse?" Sai ya bar zancen. In ya matsa, sai in nuna masa matar yaya tana zaune tana ɗinkin hula, in ce ya ji tausayin yarinyar nan, mijinta take jira.

Ba wai hauka nake yi ba. Mutane suna dawowa. Akwai matar da muke coci ɗaya da ta fito daga daji bayan shekara biyar, danginta sun riga sun raba kayanta. Duk sanda aka ce an kawo sababbin mutane sansanin 'yan gudun hijira, ina can da hoton yaya a hannu, ina bin tanti-tanti. Amma gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce: muddin ba a zuba giyar nan ba, aikensa kawai na yi, bai dawo ba tukuna. Ranar da aka zuba, ni na kashe shi.

Ranar da nas ɗin ta ba ni kwalbar, da la'asar na iso gida da ita. Baba yana zaune a gindin dogonyaron da ke tsakar gida. Idonsa ya yi rauni a lokacin, amma ba abin da zai shigo gidan bai tambaya ba. Na miƙa masa don ya gani, ya kai ta dab da hancinsa yana duban hoton.

"Nan ina ne?"

Ni kuwa sarkin iyayi, maimakon in ce ban sani ba, sai na zauna na kwashe duk abin da Baturiya ta faɗa na zuba masa, har da ƙari. Na ce tsaunuka ne, mota ba ta hawa, da kwando ake saukowa da amfanin gona.

"Da hannu suke noma?"

Na ce da hannu.

"Suna jera duwatsu su tare ƙasa kada ruwa ya kwashe?"

Na ce ga dukkan alamu, don ba yadda za a yi noma a gangare irin wannan ba a tare ƙasa ba.

Ya daɗe yana shafa takardar da babban yatsansa. Can ya ce, "To ai mutanen dutse ne."

Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Baki shi ke yanka wuya. Na yi wuf na ce wannan ba dawa ba ce, 'ya'yan itace ne, kuma ta Turawa ce, kakanninmu ina suka san Bature. Ya ce kakanni ba su ce dawa ba, abin dutse suka ce. Ya ce dutse ɗaya ne, 'yata, duk wanda ya hau gangare da kaya a ka ya san abin da muka sani. Na miƙa hannu in karɓi kwalbar, ya rungume ta a ƙirji. Ya tashi da kyar ya shige ɗaki da ita, na ji yana tura ta ƙarƙashin matashi.

Abu ɗaya ya rage mini. Ba marfin murɗawa ne da ita ba, wani ɓawon itace mai taushi aka cusa can cikin wuyanta. Washegari Baba ya gwada da farce, ya gwada da tsinken wuƙa, ya kasa. Na ce masa sai da wani ƙarfe na musamman mai murɗaɗɗen baki ake buɗe irinta, in kuwa aka fasa wuyan, gilashi zai zube ciki. Na san ba zai fasa ba, don ba a zuba wa mamaci abu daga fasasshen mazubi. Ya ce in samo ƙarfen a wurin aiki. Na ce Baturiya ta tafi da shi. Ƙarya nake yi. Guda biyu ne a durowar kicin, kullum sai na ture su in ɗauki cokali.

Bai yi mini musu ba. Sai ya shiga neman dutse.

Wanda bai san Maiduguri ba zai yi dariya, amma garin nan ba shi da dutse. Yashi ne, duk inda ka tona yashi ne. Baba ya riƙa fita da safe da sandarsa, ya dawo rana tsaka jiƙe da gumi, hannu wofi. A rana ta biyar ya dawo da wani dutse da bai fi dunƙulen hannu biyu ba, mai ruwan toka da ɗigo-ɗigon baƙi. A jikin wata tsohuwar kwalbati da ta rushe ya ɓamɓaro shi. Ya ce lokacin zaman lafiya daga wajenmu ake fasa dutse ana kawowa a tifa ana gina garin nan, kuma ko a makance ya san dutsen gida. Ya zauna bakin famfo yana wanke shi da soso.

A haka Alhaji mai gida ya same shi, ya gaishe shi da yaren Barebari.

"Wushe, Baba, wushe. Dutse kuma ake yi wa wanka?"

"Na gida ne, Alhaji."

Alhaji ya tsaya yana kallo. Shi ma ƙaninsa ya tafi sayen shanu shekarun baya, motar kawai aka gani. Ya gyara babbar rigarsa ya ce, da irin Hausarsa ta Barebari, yana da gona a hanyar Khaddamari, an riga an cire wake, ba kowa a wurin. "In kana da abin yi, ka je ka yi. Ni ban tambaye ka ba, kai ma kada ka gaya mini." Ya wuce. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, har na ƙi gaishe shi kwana biyu.

Sati uku muka yi a haka. Dutse yana ƙarƙashin gado, kwalba tana ƙarƙashin matashi, ni da Baba sai gaisuwa. Tuwon da nake ajiye masa rabi yake ci. Sau ɗaya ya yi mini magana mai tsawo, ina shara a ɗakinsa, bai ko dube ni ba. Ya ce shi ma ya kusa, yana ji a gwiwoyinsa. Ya ce yayana ba shi da ɗa, in shi ya tafi bai zuba masa ba, ba mai zuba masa har abada. "Ni na riga na san ba mai zuba mini," in ji shi. "Amma in ya riga ni shiga, ko ba komai zai san muryata a bakin ƙofa." Na yi kunnen uwar shegu na ci gaba da shara. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, na wanke fuska, ban kawo ƙarfen ba.

Wata Laraba da tsakar rana maigadi ya leƙo kicin ya ce ana sallama da ni a ƙofa. Matar yaya ce. Tunda na fara aikin nan ba ta taɓa taka wurin ba. Mace ce marar magana, in ta zauna da allura da zare sai a manta tana gidan. Ta tsaya a 'yar inuwar katanga, ta yafa gyale, ƙafafunta duk ƙura, da alama a ƙasa ta tako.

Na ce, "Matarmu, lafiya? Baba ne?"

"Baba lafiya yake. Anti, ki kawo ƙarfen."

Na tsaya ina kallonta. Na ce ko ta san abin da take faɗa. Na ce shekara takwas ina tare mata wannan abu, ina faɗa da mahaifina saboda ita.

Ta ce, "Saboda ni? Kin taɓa tambayata?"

Na kau da kai, ta ci gaba.

"Na jira shi shekara uku da zuciya ɗaya, Allah ne shaidata. Sauran biyar ɗin ke nake jira."

Ta faɗa a hankali, ba tsawa. Ta ce akwai wani malamin firamare a cocinmu, matarsa ta rasu, ya yi mata magana sau biyu ta hannun matar fasto. Fasto ya ce shekarun sun isa, zai ɗaura. Amma kawunnanta ba za su karɓi komai daga hannun kowa ba muddin ba a zuba ba, ita ma kanta ba za ta iya shiga ɗakin wani ba alhali ana cewa mijinta yana tsaye a ƙofa. Ta ce shekararta talatin, ba ta taɓa goyo ba.

Abin da na ce mata har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Ashe miji kike so."

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "E, Anti. Ina so."

Na juya na shige na bar ta a tsaye. Albasar da na bari a wuta ta ƙone ƙurmus. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ni shekara takwas muna kwana ɗaki ɗaya da ita, ina jin juyinta a kan tabarma, ban taɓa ganin nata ciwon ba. Garkuwa na mai da ita don kada a taɓa ni. Kwana biyu ina fushi da ita, a na uku na buɗe durowa na ɗauki ƙarfen na soke a zanina.

Ranar Litinin da safe muka ɗauki keke napep mu uku. Na naɗe kwalbar a tsohon zani na tura ƙasan kwando, na rufe da yakuwa, dutsen kuma Baba ya riƙe a cinya cikin buhu. A shingen sojoji na zata za a bincike kwandon, amma leƙowa kawai aka yi, aka ga tsoho da mata biyu, aka ɗaga mana hannu. Muka sauka a bakin hanya, muka taka cikin gona har gindin wata aduwa. Fili ne fetal, ko ina ka duba sama ta haɗu da ƙasa, ba ko tudu. Baba ya juya ya juya, ya dubi rana, sannan ya fuskanci kudu maso gabas ya ce gida yana can. Ya share ƙasa da tafin hannu ya ajiye dutsen.

Ni na buɗe, tunda ni kaɗai na iya. Na murɗa ƙarfen, na ja, ta yi 'yar ƙara kaɗan. Ƙamshin ya bugi hancina, ƙamshin furen lemo da nunannen mangwaro da wani abu kamar zuma. Na tsiyaya a ƙwaryar da Baba ya riƙe. Ruwan garai-garai ne mai ɗan rawaya, 'yan ƙananan kumfa suna tasowa. Raina ya ɓaci. Giyarmu mai kauri ce mai tsami, ta dace da ranar baƙin ciki. Wannan kuwa abin biki ce, an yi ta ne don mutanen da suka ƙoshi suna dariya.

Baba ya shinshina ya yamutse fuska. "Giyar yara," in ji shi. Sannan ya ce, "Dama shi ma kwaɗayin zaƙi gare shi."

Ya durƙusa, muka taimaka masa. Ya kira sunan yayana sau uku da yarenmu, yana tsayawa tsakanin kowane kira kamar mai jiran amsa. Sannan ya yi masa magana yadda yake yi masa yana raye. Ya ce mun nema ba mu samu ba. Ya ce wannan ba dawarmu ba ce, ta wani dutse ce mai nisa, ya yi haƙuri, ita ta samu. Ya ce ya daɗe a tsaye, ya sha, ya shiga, ya gaida mahaifiyarsa. Ya karkata ƙwaryar. Giyar ta bi jikin dutsen ta gangara, yashi ya shanye ta nan take. Kafin mu miƙe har tururuwa sun fara taruwa saboda zaƙin.

Aka ƙara a ƙwarya. Baba ya kurɓa, ya miƙa wa matar yaya. Ta kurɓa, sai ta ajiye ta durƙushe ta fashe da kukan da ban taɓa ji daga bakinta ba, ko a shekarar farko. Baba ya ɗora hannu a kanta ya ce daga yau ita 'yarmu ce, ba matarmu ba, duk inda za ta daga gidansa za ta fita. Sannan ya ɗauki ƙwaryar ya miƙo mini.

Na so a ce ɗaci ne da ita. Na kurɓa, ta ɗan yi ɗumi da rana, ta sauka a maƙogwarona da daɗi, ƙamshin ya tsaya mini a baki. Ban taɓa shan abu mai daɗinta ba, kuma wannan ne abin da na kasa yafewa. Baba ya juye sauran a kan dutsen har ɗigon ƙarshe, ya tona rami da sandarsa, muka tura dutsen ciki muka rufe.

Muka fito bakin hanya muna jiran abin hawa. Rana ta fara zafi. Matar yaya tana can gefe ta rufe fuska da gyale. Ni na tashi a makarantar kwana, rabin al'adarmu kawai na sani, kuma akwai tambayar da ban taɓa yarda in yi ba sai a wurin.

Na ce, "Baba, to in ya dawo fa?"

Ya amsa yana kallon hanya.

"In ya zo, za mu shimfiɗa masa tabarma a waje, mu ba shi ruwa, mu tambaye shi daga ina yake. Haka ake yi wa baƙo."

"Ɗanka ne fa, Baba."

"Ɗana ya sha, ya shiga," in ji shi. Hawaye suna bin gemunsa suna ɗiga a kan riga, bai share ba. Da keke ya taho, shi ya ɗaga sanda ya tsayar da shi.